Matan Lankasha da Na Ɓoye a Wayata

Masu karatu, ga ni kuma. Wata baiwar Allah ta rubuto a ƙasan rubutuna na baya, tana cewa labarin soyayya na 'yan mata ne, me dattijo mai furfura a gemu yake nema a nan. Gaskiyarta. Amma tunda ba ni da ƙawar da zan kira in yi wa kuka a waya, ku ne ƙawayen nawa, sai ku yi haƙuri da ni.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Muntasir, malamin tarihin Turai ne ni a wata kwaleji a nan Zariya. Na fi shekara ashirin ina koyar da juyin juya halin Faransa da yadda aka raba Jamus biyu, alhali iyakar tafiyata a duniya Kwatano, sayen mota, motar ma ba tawa ba. Matata ta rasu da daɗewa, ba mu haihu ba. Ina zaune a gidanmu na gado a Ƙofar Gayan, sashena daban, na yayata Sakinatu daban, amma muryarta ba ta san katanga ba. Kullum da safe in ta aiko min da koko sai ta haɗo da sunan wata bazawara, kamar ƙosai.

Wadda nake so sunanta Batul. Malamar sakandare ce, aurenta na fari ya mutu, ta dawo gidan mahaifinta a cikin birni, ta karɓi hutun ƙaro ilimi tana digiri na biyu a tarihi. Mahaifin nata, Malam Haidar, malamin zaure ne, irin waɗanda manya da rawani suke zuwa su durƙusa a gabansu da littafin fiƙihu. Aure ya taɓa katse mata karatu sau ɗaya, don haka da ta dawo sai ya kafa doka: duk mai maganar aure ya tsaya a waje har sai ta miƙa kundin bincikenta. Mai zance ba shi da hanyar shiga wannan zaure. Mai karatu kuwa, ƙofar ba ta taɓa rufuwa a gabansa ba tun zamanin kakanni.

Ni kuma mutum ne mai wayo, ko aƙalla haka na ɗauka. Sai na shiga ta ƙofar karatu.

Duk Asabar bayan la'asar nake zuwa. Nakan sa shaddata ruwan toka, in daɗe gaban madubi ina karya hula, in fesa turare, in ji ya yi yawa ga mai zuwa koyarwa, in koma in goge da tsumma. Nakan jingine babur ɗina a bakin lungu saboda hanyar gidansu ba ta ɗaukar mutum da abin hawa tare. A zaure Malam yana kan buzunsa a kusurwa, yana duba littafinsa, kunnensa yana wurinmu. Batul takan zauna a ƙarshen tabarma da hijabi ruwan ƙasa, kwamfutarta a kan cinya, tazarar da ke tsakaninmu ta isa a shanya barkono.

Bincikenta a kan wata yunwa ce da aka yi a Ingila, wadda ba fari ne ya kawo ta ba. Lokacin yaƙin basasar Amurka auduga ta daina zuwa, masaƙun yankin Lankasha suka tsaya, dubban ma'aikata suka wayi gari ba aiki. Kwamitocin agaji suka buɗe azuzuwan ɗinki, aka riƙa tara matan masaƙa ana koya musu allura da zare ana ba su ɗan abin da za su rayu. Waɗannan matan Batul take nema. Ta ce kakanta dillalin auduga ne, ta girma tana jin yadda Turawa suka matsa wa ƙasar nan da noman auduga, tana so ta ga ɗaya bakin zaren.

Babin da ta fara kaiwa, malamar da ke duba aikinta ta dawo mata da shi ja-wur da biro. Ta ce duk abin da ke ciki maganar masana ce da suka rubuta littattafai shekara ɗari bayan abin ya wuce, ina muryar mutanen da abin ya faru a kansu? Ranar na yi wa Batul dogon bayani a kan majiya ta farko da majiya ta biyu: ta farko ita ce abin da aka rubuta a lokacin, jaridun wannan makon, rahoton kwamiti, muhawarar majalisa, wasiƙar wanda ya ji yunwar a cikinsa, ta biyu kuwa nazarin waɗanda suka zo daga baya suka karanta waɗancan. Na yi ta jan maganar don in ji daɗin yadda take kallona. Malam Haidar bai ɗago kai ba ya ce, ai ganau da jiyau ke nan, me ya kawo wannan doguwar huɗuba. Batul ta rufe baki da gefen hijabi. Na yi dariyar da mutum yake yi in an tuɓe masa hula a kasuwa.

Da farko aikin gaskiya muka yi, wannan ku rubuta min shi a gefen alheri. Na koya mata ta riƙa karanta littafin masani daga ƙasan shafi, inda yake faɗin daga ina ya samo kowace magana, domin nan ne taswirar take. Mun bi waɗannan ƙananan rubutun mun fitar da sunayen jaridu da ɗakunan adana takardu. Mun yi yini a laburaren jami'a muna jawo tsofaffin mujallu masu ɗaurin fata, muna atishawa. Muhawarar majalisar Ingila ta wancan lokacin tana intanet kyauta, mun sauke abin da muke so. Na nuna mata cewa in tana neman abu a tsohuwar jarida, ta nema da kalmomin mutanen zamanin, ba da namu na yau ba, don su ba su san sunan da masana za su raɗa wa wahalarsu ba.

Amma 'yan majalisa maza ne masu ƙoshi. Matan da take nema ba sa cikin muhawara. Suna cikin rahotannin kwamitocin agaji na garuruwa da ƙananan jaridun yankin, waɗanda wasu an kulle su a intanet sai mai rajista da babban laburare, wasu kuma ko hotonsu ba a ɗauka ba, suna kwance a akwati a can ƙasarsu.

Sai na tuna da Nura, abokina tun muna ɗalibai, wanda yake koyarwa a wata jami'a a arewacin Ingila. Na roƙe shi. Ya yi min tsiya son ransa, ya ce tun yaushe na fara damuwa da matan Lankasha, ko dai wata ta kusa ce. Duk da haka ya hau jirgin ƙasa ya je ɗakin adana takardun, ya yini yana ɗaukar hoto da wayarsa. Kafin azumi saƙonsa ya shigo imel ɗina.

Masu karatu, abin da ke cikin saƙon nan ya isa kundi biyu. Rahotannin azuzuwan ɗinki na garuruwa da dama. Ƙorafin wata mai kula da aji cewa 'yan matan masaƙa sun saba da ihu saboda ƙarar injina, ba su iya magana a hankali ba. Wasiƙar wata mata a jarida tana cewa hannunta ya saba da injin saƙa, allura tana zame mata, kuma ba sadaka take nema ba, aikinta take so. Na karanta har idona ya yi ruwa. Na ɗauki waya zan tura wa Batul.

Sai shaiɗan, ko kuma lissafi, ya ce min: in ka tura duka, wata biyu ta gama. In ta gama, Asabar ta ƙare. Dokar Malam ta faɗi, zauren ya buɗe wa kowa, samari masu mota da baƙin gashi su yi layi. Kai kuma ko "kin yi kyau" ba ka taɓa iya furtawa ba.

Na ce to, bari in ba kaina mako guda in tattaro ƙarfin hali.

Azumi ya zo ya wuce. Ƙaramar salla ta wuce, babba ma ta wuce. Ƙarfin halin bai taru ba. Abin da na riƙa yi shi ne, duk Asabar in zaro shafi biyu ko uku in buga a takarda, in kai mata kamar mai rabon magani a asibiti, in ce da ƙyar Nura ya samo waɗannan, Turawan nan akwai tsaurin ido a kan takardunsu. Ita kuma ta karɓa da hannu biyu. Har addu'a take yi wa Nura, ta ce Allah ya sassauta masa zukatan masu tsaron ɗakin.

Ranar Alhamis da ta wuce ina cikin aji wayata ta yi motsi a aljihu. Da na fito na duba.

"Salam Malam. An liƙa sanarwa a sashe. Duk wanda bai miƙa kundi kafin ƙarshen wata mai zuwa ba, an cire sunansa daga 'yan zangonmu. Hutuna ma a lokacin zai ƙare, makaranta sun ce ba ƙari. Don Allah a taya ni roƙon Dakta Nura. Ka gafarce ni da yawan damu."

Ita ce take neman gafarata. Na tsaya a barandar kwaleji ina karanta layin ƙarshen nan, wani ɗalibi ya gaishe ni sau biyu ban ji ba. Na rubuta mata, "In sha Allah za a dace." Ko kunyar sa sunan Allah a ciki ban ji ba sai da saƙon ya tafi.

Ranar Asabar na yi niyyar kai mata komai. Wallahi na yi niyya. Na tsaya a shagon buga takardu na bakin Ƙofar Gayan, mai shagon ya tambaye ni shafi nawa, na buɗe baki zan ce duka, sai na ji bakin ya ce biyar. Na ma yaba wa kaina, wai na ƙara a kan na kullum.

Da ta fito zaure na ga ta rame. Lallen salla ya koɗe a yatsunta ba ta sake ba, gefen idonta ya yi duhu. Ta ajiye min kwanon fura mai sanyi da ɗan dambun nama a leda, ta ce Innarta ce ta ce a ba ni, ina wahala da su. Ta karanta shafuka biyar ɗin a gabana, leɓenta yana motsi. Ta ce wannan rahoton ya ambaci wani na watan da ya biyo baya, da za a samu wancan da babi na huɗu ya tsaya da ƙafarsa. Wancan ɗin yana cikin wayata, a aljihuna na dama, a ƙarƙashin carbi.

Na ce zan yi wa Nura magana.

Ta ce ta fara tunanin ko ta je ta roƙi malamarta a bar ta ta rubuta da majiya ta biyu kawai, ko da za a ba ta maki kaɗan, ta dai fita. Sai kuma ta ce amma matan nan fa, ji take kamar ta san su, ba ta so ta bar wasu su yi magana a madadinsu. Na sha fura don kada in amsa. Furar ta yi daɗi, wannan ma ya ƙara min baƙin ciki.

Da ta shiga gida na miƙe zan yi sallama, Malam Haidar ya rufe littafinsa ya nuna min gefen buzunsa. Tun da nake zuwa gidan bai taɓa zaunar da ni kusa haka ba. Zuciyata ta ce, shi ke nan, tsoho ya gane, zai sauƙaƙa maka. Har na fara gyara wuyan riga.

Ya fara da godiya. Ya ce yana ganin ɗawainiyata, ba dangin iya ba na baba, ina barin hutuna ina zuwa. Sannan ya ce wani amininsa a unguwar Tukur-Tukur ya aiko masa da manya suna nema wa ɗansa auren Batul, sunan yaron Haisam, mai haɗa magunguna ne a wani asibiti. Ya gaya musu dokarsa, sun ce za su jira ranar da za ta miƙa kundi.

"A gidan nan," in ji shi, "wanda ya zaunar da ɗanmu ya karantar da shi, cikin iyaye muke ƙirga shi. Haka na tarar, haka zan bari. Kai yanzu uba ne ga Batul."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ban kai nan ba."

Ya ce na kai har na wuce. Ya ce kafin a amsa wa mutane sai an yi binciken yaro, shi kuma nasa ƙannen sun tsufa, in ya aike su za su dawo masa da abin da aka ce an ce. Ni kuwa sana'ata ke nan. Yana so in nemo masa wanda ya zauna da Haisam gida ɗaya, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, wanda ya taɓa ɓata masa rai ya ga yadda fushinsa yake. In yaron ya fito da kyau, ranar ɗaurin aure ni zan zauna a matsayin wakilin amarya, in ba da ita da bakina.

Na ji kaina yana cewa wannan karamci ne babba. Na ji kaina yana cewa Allah ya sa alheri. Ni dai ina zaune a gefe ina kallon wani mutum mai shadda ruwan toka yana ta gyaɗa kai.

Da na kai bakin ƙofa ya ƙara tambaya ɗaya. Ya ce yarinyar ba ta barci, uwarta ta damu. "Kai ka san aikin nan ciki da waje. Za ta gama a kan lokaci?"

Na ce ya danganta da takardun da muke jira daga Ingila.

Ya ce to Allah ya kawo su, zai sa manyan ɗalibansa su taya da addu'a bayan karatun asuba.

Ban hau babur ba, tura shi na yi har gida. Lissafin a fili yake, ko ɗan firamare zai yi shi. In na ci gaba da riƙe takardun, wata mai zuwa a cire sunanta, dokar Malam ta ci gaba da tsare min ƙofa, Haisam ya gaji ya nemi wata, ni kuma in ci gaba da shan fura duk Asabar a gaban matar da na kashe wa digiri. In na sake su, ta gama, in sa babbar riga in ba da aurenta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, daga bakin lungunsu har kusan gidanmu, lissafi na farko nake ta juyawa ina neman inda zai yi kyau.

Na tarar da Yaya Sakinatu a tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo. Ta dubi fuskata ta ce wa ya mutu. Na ba ta labarin wakilci. Ta ajiye rariya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce tun farko ta gaya min in aika manya su kafa min suna ko da za a ce a jira, na ce ni ɗan boko ne, ina da dabara. Ta ce to ga dabara ta yi 'ya'ya, in je in karɓi goron wakilci in kawo mata nata.

Da dariyar ta lafa sai na gaya mata sauran. Ban san me ya sa ba. Na gaya mata saƙon Nura, da shafi bibbiyu, da sanarwar da aka liƙa.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta karkaɗe garin da ke hannunta a zani, ta dube ni kamar yadda take dubana muna yara in na dawo da abin da ba nawa ba.

"'Yar mutane ce fa, Muntasiru."

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.

Ana kiran magariba na zauna a dakalin ƙofar ɗakina, na buɗe imel, na nemo saƙon Nura, na tura wa Batul shi gaba ɗaya, ban rage ko shafi ba. Na yi sauri don kada bakin nan nawa da ya ce biyar ya sami hanyar shiga yatsuna. Na tafi masallaci ina jin kaina wani ɗan ƙaramin waliyyi.

A raka'a ta biyu na tuna. Saƙon da aka tura haka yakan tafi da kansa da ƙafarsa: sunan wanda ya fara aikowa, da ranar da ya aiko, da abin da ya rubuta a sama. Abin da Nura ya rubuta kuwa shi ne, "Ga su nan duka, angon Lankasha. Ka kai mata yau, kada ka tsaya jan aji." Zan so in ce muku da gangan na bar shi, don ku ce ga mutum mai gaskiya. Mantawa na yi.

Na dawo na tarar da wayar a kan dakali, fuskarta tana haske. Na zagaya ta sau ɗaya kamar mai zagaya kunama, sannan na ɗauka.

"Malam, sun iso, na buɗe duka. Da waɗannan zan gama in sha Allah, ko da kwana zan riƙa yi a zaune. Na gode."

Na sauke numfashi. Sai na ga alamar tana rubutu. Ta tsaya. Ta sake farawa. Ta sake tsayawa, har Yaya Sakinatu ta leƙo ta ce tuwo yana hucewa. Sannan ya shigo.

"Na ga ranar da Dakta Nura ya aiko, na kuma ga abin da ya kira ka. Baba ya gaya min aikin da ya ba ka. Kada ka je Tukur-Tukur tukuna. Ka zo gobe bayan la'asar, ba sai Asabar ba, kuma kada ka zo da takarda ko ɗaya. Tambaya nake da ita, a gaban Baba zan yi ta."